Mangwaro a Gonar Aro

Tun daga bakin zaure Samira ta san yau ba lafiya ba. Takalman maza ne zube a ƙofar ɗakin mahaifinta, Malam Isaka, kuma a cikinsu ta gane na Baffa Bakari. Shi dai wannan yayan uban nata ba ya tako gidan sai da dalili mai ƙarfi, ko suna, ko rasuwa, ko rigima. To babu wadda ta haihu, babu kuma wanda ya mutu.

Dawowarta ke nan daga lakol, makarantar da take koyarwa, ta shige tsakar gida rungume da littattafan 'yan ajinta, farin alli bai gama fita daga yatsunta ba. Mahaifiyarta Inna Shatu na zaune kusa da murhu tana tankaɗe, sallamar ma a ciki ta amsa.

"Inna, mi ya hwaru?"

"Aje kayan lakol ɗin ki sha ruwa tukuna."

"Don Allah Inna."

Inna ta ajiye rariya ta dube ta.

"Baƙonki ne. Ya dasa itace."

"Ina?"

"Ina kuwa, in ba gonar ubanki ba? Mangwaro ne, layi guda reras, tun daga bakin hanya har ƙarshen iyaka. Har da ƙaya ya kewaye ma kowane don kada awaki su ci."

Littattafan suka zame daga hannun Samira ɗaya bayan ɗaya. Ba ta san sa'ad da ta zauna a kan turmi ba, abin da Inna ke hana ta tun tana ƙarama. Yau Inna ta ƙyale ta.

Mai karatu, bari in ba ka labarin baƙon nan a taƙaice, don ka san irin mutumin da ke haƙa wa kansa rami yana murmushi.

Sunansa Haisam, ɗan Zariya ne. Ya yi shekaru a Legas yana aiki a wani babban kamfanin zuba jari, inda masu hannu da shuni ke danƙa masa dukiyarsu ya saya musu hannun jari, ya juya ta har ta haihu. An ce ya iya aikin har ana nuna shi da yatsa. Mota mai sanyi, gida a saman bene, takalmin da bai san ƙasa ba. Wata rana ya ga ana sauke buhunan aya a wata kasuwa, ya tambayi daga ina suke, aka ce masa daga Gazawa, can ƙasar Nijar. Da ya sami hutu sai ya bi sawun buhunan. Ya ga yadda manomi ke sayar da ayarsa da ƙasa-ƙasarta a wulaƙance, wasu can nesa su wanke su niƙa su ci riba. Shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Ya ajiye aiki, ya sayi injin gyara da na niƙa, ya tsallako iyaka.

Mahaifinsa ya ce hauka ce. Ya kuma rantse ba zai taka ƙafarsa ya nemar masa aure a ƙasar da ya je yawon banza ba.

Mutanen Gazawa ba su ce hauka ba, don su tun farko ba su yarda da labarin ba. A majalisar masu shayi an gama yanke hukunci: ko dai korar sa aka yi, ko ya ci dukiyar mutane ya gudo. Wa ke barin buro mai sanyi ya zo ya zauna cikin ƙurar aya? Suka laƙaba masa Mai Aya, suna sayar masa da kayansu, suna kuma dariyar yadda yake cewa ofis maimakon buro.

Malam Isaka ne kaɗai ya dube shi da idon rahama. Ya ara masa gonarsa ta bakin hanyar Agye a gaban shaidu. Haisam ya kafa rumfar kwano ya sa injinansa, ya share wurin shanya. Ta wannan hanyar Samira ke wucewa lakol kullum, sauran bayanin kuma ba sai na yi ba.

Da maganar aure ta taso, tambaya ɗaya Malam Isaka ya yi. Mutumin da ya bar aikin da ke ciyar da shi ba tare da an kore shi ba, me zai hana wata safiya ya bar 'yar mutane? Samira ce ta kai wa Haisam wannan maganar, ita ce kuma ta ce masa, "Ka nuna masu zama ka zo yi."

Ya nuna musu kuwa.

A ƙasar nan gonar aro tana da dokarta. Ka shuka gero, ka shuka wake ko aya, duk abin da za a girbe a damina ɗaya. Ka kafa rumfa ma, ana iya kwance ta. Amma ba ka dasa itace, ba ka haƙa rijiya. Dalili kuwa, shaidu mutuwa suke yi su bar itacen a tsaye, ranar da jikoki suka gurfana gaban sarki tambayar da za a yi ita ce wa ya dasa. Yaron goye ma ya san haka a Gazawa, shi ya sa babu wanda ya taɓa tunanin a gaya wa wani.

"Samira."

Muryar Baba ce daga ɗaki. Ta tashi ta shiga ta durƙusa.

Baffa Bakari na kan buzu da carbi a hannu. Ɗansa Jamilu na zaune bakin ƙofa ya sunkuyar da kai kamar mutumin kirki. Ya daɗe yana son Samira, ita kuma ta daɗe tana ce masa Yaya da ƙarfi don ya san matsayinsa.

Baffa ya ce, "Ga ta nan, ka tambaye ta gabana. Ni dai na hwaɗa maka Isaka, gonar ga ba taka ba ce kai ɗaya, ta gado ce. In saida ta ka yi a ɓoye, ka lulluɓe cinikin da ɗiyarka, ka hito ka hwaɗi."

"Yaya, wallahi ban saida ba."

"To wa ya ba shi izinin dashe?"

Malam Isaka, dattijon da unguwa ke zuwa neman shawara wurinsa, shi ne yau ke rantsuwa a gaban 'yarsa kamar yaron da aka kama da hannu a tukunya. Wannan ya fi komai yi wa Samira ciwo.

Ya juyo gare ta. "Ke kika sa shi?"

"Baba, ni dai ce mashi na yi ya nuna zama ya zo yi. Ban san itace za shi dasa ba. Wallahi bai san al'adar ba, can inda ya hito..."

"Bai sani ba." Baffa ya maimaita yana 'yar dariya. "Mutumin da sana'arshi ita ce juya dukiyar mutane, shi ne bai san abin da itace ke yi ma gona ba. Lalle kin yi lakol."

Can Malam Isaka ya nisa.

"Ran Juma'a in an sauko masallaci, ya tuge su da hannunshi gaban shaidun da aka ara mashi gonar. Bayan nan ya kwashe injinanshi. Ɗayar maganar kuma, ke ba yarinya ba ce, ba ni yi maki dole da kowa. Amma sai na ga abin da ya yi. Tashi ki tahi."

Tana fitowa ta faɗa jikin Inna. Kukan da ta danne a gaban maza ya ƙwace.

"Inna ki sa baki. Ke Baba na jin maganarki. Wallahi bai sani ba."

Inna ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, "Kakanki ma haka ya ce."

Samira ta ɗago.

"Kin ga dogon yaron nan babba da ke tsakar gonar? Kakanku daga arewa ya gangaro da 'yan shanunshi, ba shi da ko taƙin ƙasa a garin ga. Wani bawan Allah ya ara mashi wurin. Ya dasa dogon yaro, ya ce inuwa yake yi ma maruƙa, shi baƙo ne, bai san al'ada ba. Mai gonar ya mutu, shaidu suka bi shi. Da ɗiyanshi suka tada magana, sarki ya ce wa ya dasa itacen ga? Yau jikokin mutumin nan ƙwadago suke yi gonakin mutane, wani lokaci har a tamu."

"Amma Inna, shi ba haka..."

"Ni na yarda. Na ga yaron, ba shi da wayon cin gona, ko wayon cin tuwo da zahi ba shi da. Amma gidan ga babu namijin da za ki ce ma baƙo ya dasa itace cikin rashin sani ya yarda. Sun san yadda aka yi suka samu."

Samira ta kwantar da kai a cinyar uwarta. Karon farko ta ji tsoro na gaske ya shige ta.

Washegari da aka tashi daga lakol ba ta wuce gida ba, ta ratse gonar. Injinan a kashe suke. Matan da ke tsince masa aya sun koma can ƙarshen rumfa, amma kunnuwansu a nan suka bar su. Ga 'ya'yan mangwaron a jere, kowanne da sababbin ganye jajaye masu sheƙi. Abin haushin, sun yi kyau.

Haisam ya taso daga kan buhu. Idanunsa sun faɗa, da gani labari ya riga ta isowa.

"Madam."

"Kada ka ce mani Madam yau."

Ya sunkuyar da kai.

"Mi ya sa ba ka tambaye ni ba?"

"So na yi ki gani da idonki. Na ce ranar da kika biyo hanya kika gan su a jere, dariya za ki yi, ki ce Mai Aya ya koma mai mangwaro."

Hawaye suka zubo mata, ba ta ko share ba.

Ya ce, "Samira ki saurare ni. A aikin da na baro, idan mutum ya ba ka amanar dukiyarsa, abin kunya ne ka mayar masa da ita yadda ya ba ka. Dole ta ƙaru. Abin da aka koya mini ke nan, a kansa aka yabe ni, ban iya wani abu ba. Baba ya ba ni fili fetal, na ce in mayar masa da lambu. Ga shi kin ce in nuna zama na zo yi. Na zauna na yi ta tunani, me ya fi nuna zama irin itacen da sai ka yi shekaru kana ba shi ruwa kafin ya ba ka ɗa guda? Mai niyyar gudu ba ya dasa mangwaro."

"Mai niyyar cin gona ma shi yake dasawa."

Ya dafe kai. "Shekara biyu ina garin nan. Na ci da su, na yi salla da su, na je jana'izarsu. Me ya sa babu wanda ya taɓa gaya mini?"

"Don ba a hwaɗa. Kowa tashi ya yi ya iske shi. Ni kaina ko a mahwarki ban kawo akwai babban mutum da bai san wannan ba." Ta ja hanci. "Laihina ne. Ni na ce ka nuna masu."

"Kada ki ce haka."

"Wa ya kawo maka su?"

"Jamilu. Da a-kori-kurarsa muka je Agye wurin masu renon itatuwa. Shi ya taya ni zaɓe. Ko ladan mota bai karɓa ba, ya ce ai an kusa zama ɗaya."

Samira ta runtse ido.

"Ya tsaya har ka gama?"

"Har na ƙarshe. Shi ya riƙe mini igiya don layin ya miƙe."

"To daga nan gidan Baffa ya wuce."

Haisam ya dube ta, ya dubi layin mangwaron da ya miƙe sak ba karkata. A hankali ya koma kan buhun ya zauna. Mutumin da aka ce yana hango faɗuwar kasuwa tun ba ta zo ba, ga shi mai a-kori-kura ya sayar da shi a tsaye yana godiya.

Wata akuya ta zo ta sunsuni ƙayar ta wuce.

Ya ce, "Akwai abin da ban gaya miki ba. Shugabana na Legas ya kira ni daren jiya. Ya ce kujerata tana nan, ba su sami wanda ya cike ta ba. Ya ce in daina wasa da rayuwata in dawo."

Ta zuba masa ido. "Mi ka ce mashi?"

"Na ce masa na dasa mangwaro."

Ya yi wata dariya marar daɗi, ita kuma kukan ya ƙaru.

"Ni ban bar Legas don in ci gonar kowa ba, Samira. Na gaji ne da juya dukiyar da ban taɓa gani da ido ba. Na so in riƙe abu a hannuna, in ce wannan ni na yi. Da aka rufe iyaka kayana suka yi wata da watanni a rumfar nan, ban koma ba. Da babana ya daina ɗaukar wayata, ban koma ba. Na ce ko ba komai ina da ke, ina da dattijon da ya yarda da ni. Yau shi ma na sa an ci masa mutunci."

"Ka tuge su," ta ce. "Ka tuge su, ka ba shi haƙuri gaban mutane. Baba na son ka, na sani. Ya ce sai ya ga abin da ka yi."

"Kina ganin zai yarda?"

"Za shi yarda."

Ta faɗa ne kawai don ba ta da abin da za ta ba shi ban da wannan.

Ranar Juma'a ana saukowa masallaci jama'a suka nufi hanyar Agye kamar ana rabon abinci. Shaidu biyu kawai aka kira, amma har masu shayi sun rufe butocinsu sun zo. Samira ta laɓe a bayan rumfa cikin matan aya, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska.

Haisam ya tuɓe farar rigarsa ya rataye. Ya durƙusa gaban na farko, ya janye ƙayar da hannu, ya kama gindin ya ja. An yi ruwa a 'yan kwanakin, itatuwan sun soma kama ƙasa, kowanne sai ya yi ɗan gardama kafin ya fito. Ƙaya ta yayyage masa yatsu. Bai tsaya ba, bai ɗaga kai ba, har ya kai ƙarshen iyaka.

Ya dawo ya tsuguna gaban Malam Isaka, gwiwoyinsa duk laka.

"Baba, na yi kuskure cikin rashin sani. Ga gonarka yadda ka ba ni. Ka yafe mini."

Samira ta ga fuskar mahaifinta ta sassauta. Ta ga hannunsa na dama ya soma tasowa zai dafa kafaɗar Haisam.

Sai Baffa Bakari ya gyara murya.

"Jama'a kun shaida? Shekaranjiya ya dasa, yau ya tuge. An ce mashi tuge, ko gardama bai yi ba. Haka ya tuge kanshi daga aikinshi, haka ya tuge daga gidan ubanshi. Isaka, wanga za ka ba ɗiya? Ran da wani ya ce mashi tuge fa?"

Wurin ya ɗauki gunaguni. Wani ya ce gaskiya ne. Wani ya ce dama shi tun farko bai yarda da labarin buron ba. Jamilu na jingine da motarsa yana kallon sama.

Hannun Malam Isaka ya tsaya a iska, sannan ya koma cikin aljihu.

"Gona ta dawo, na gode," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Ɗayar maganar a bar ta."

"Baba..."

"In ubanka ya tako da ƙahwarshi ya zo garin ga, sai in san akwai inda ka kahu. In ba haka ba, kada ka sake tako mani zaure."

Kowa a wurin ya san rantsuwar da mahaifin Haisam ya yi, don a Gazawa magana ba ta kwana a ciki. Da ya bar itatuwan, ɓarawon gona ne. Da ya tuge, marar zama ne. Ni dai na duba ban ga ta inda aka bar wa bawan Allahn nan ƙofa ba.

Bayan wannan babu wanda ya yarda ya ara masa ko wurin ɗaure akuya. Ya nemi haya, masu fili suka yi ta ce masa sai sun yi shawara. A ƙarshe ya kwance rumfar, aka loda injinan aka kai wani shago a garin Gidan Rumji aka kulle. Matan aya suka koma gidajensu.

Ranar da zai tafi ya tsaya a bakin hanyar lakol da jakarsa a kafaɗa, da wani babban gwangwanin tumatir a hannu. A ciki ɗan mangwaro ne guda, ganyensa sun ɗan yi laushi.

"Zan je Zariya in durƙusa wa babana Alhaji. Ko zai kore ni sau goma, zan koma."

"In ya ƙi fa?"

Ya miƙo mata gwangwanin.

"Wannan na kasa jefar da shi. Ba ni da inda zan sa shi, ko nan ko can. Ki riƙe mini."

"Haisam, ka ce mani za ka dawo."

Sunansa ne ta kira tsirara, abin da ba ta taɓa yi ba. Idanunsa suka kawo ruwa.

"Zan dawo."

"Ka rantse."

"Rantsuwa ce ta raba ni da babana, Samira. Kada ki sa in ƙara wata."

Motar Maraɗi ta tsaya, yaran mota na kira. Ya shiga bai waiwayo ba, ita kuma ta san don kada ta ga fuskarsa ne.

Tana shiga gida da gwangwanin ta yi kiciɓis da Baba a zaure.

"Mi ne ne wannan?"

"Baba, cikin gwangwani yake."

Ya daɗe yana kallon itacen, ya daɗe yana kallon ta.

"To ya tsaya cikin gwangwaninshi. Ran da ya taɓa ƙasar gidan ga, kin san sauran. Ba ni son Yaya ya sake kira na maci amana."

Ta ajiye shi a bayan ɗakinta kusa da randa, inda akwai sanyi. Kullum kafin ta tafi lakol sai ta ba shi ruwa da moɗa, in ta dawo shi take fara dubawa kafin ta gaida Inna. Ya farfaɗo, ya fitar da sabon toho. Inna ta ce mangwaro ba ya rayuwa a gwangwani, in ya ga rani ɗaya ya yi ƙoƙari. Samira ta yi kamar ba ta ji ba.

Da farko kullum yana kira. Alhaji ya ƙi ganinsa. Alhaji ya gan shi amma bai ce komai ba. Alhaji ya ce ya koma aikinsa tukuna, sannan a yi maganar aure, a Zariya. Daga nan kiran ya soma ja baya. Wata rana suna magana ta ji ƙarar motoci a bayansa, hon a kan hon, irin wanda ba a yi a Zariya.

"Ina kake?"

"Na zo Legas ne in ga masu sayen garin aya. Kwana kaɗan zan yi."

Ba ta tambaye shi wace aya ba, alhali injinan na kulle a Gidan Rumji. Ta ce Allah ya ba da sa'a, ta kashe wayar, ta cusa fuska a filo.

Jamilu kuwa bai ce mata uffan ba. Kullum bayan la'asar zai zo ya gaida Baba, ya ajiye wa Inna ƙunshin kilishi, ya tafi. Mutum ne mai haƙuri, wanda ya iya riƙe igiya har a gama dashe.

Damina ta yi nisa, gero ya fitar da kai. Wayar Haisam ta koma shiru, in ta kira sai ta yi ta ringi ba a ɗauka.

Wata safiyar Asabar ta ga ganyen mangwaron na neman rana, ta ce bari ta matsar da shi gaba kaɗan. Ta sunkuya ta kama gwangwanin ta ɗaga.

Ya ƙi tasowa.

Ta sake ja a hankali, ta ji wani abu na riƙe da shi daga ƙasa. Ta durƙusa ta karkata shi ta leƙa. Tsatsa ta cinye gindin gwangwanin, wata farar saiwa mai kaurin ɗan yatsa ta fito ta nan ta nutse cikin ƙasar gidan. Ta tona da farce, ta tona, ba ta ga ƙarshenta ba.

Ta soma mayar da ƙasar da sauri tana dannawa da tafin hannu, sai ta ji tari a bayanta.

Baba ne tsaye da butar alwala. Ya ga hannunta, ya ga gwangwanin a karkace, ya ga saiwar. Bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Sai yanzu ta lura da yadda ya tsufa a daminar nan, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Baba, ba ni na dasa ba. Shi ya..."

"Na sani," ya ce. "Haka suke yi."

Ya ajiye butar. Ya sa hannu a aljihu ya ciro 'yar wuƙar da yake yanka goro da ita, ya buɗe, ya juyo mata da ƙotar.

"Ke za ki yanke, ko ni?"

A daidai nan wayarta ta ɗauki ƙara a cikin ɗaki. Kiɗan da ta sa wa mutum ɗaya ne tak a duniya, wanda ta yi makonni ba ta ji ba. Ta juya ta dubi ƙofar ɗakin, taku kaɗan ne tsakaninsu. Ta juyo ta dubi mahaifinta. Bai sauke hannunsa ba.

Wayar ta yi ta kuka, ta yi ta kuka.

Samira ta miƙa hannu biyu ta karɓi wuƙar. Kafin ta kai ta ga saiwar, kiɗan ya tsaya.